Mai Haƙar Rijiya da Kwalbar Zuma

Akwai wani mai haƙar rijiya, ƙaƙƙarfan mutum, irin wanda zai wuni cikin rami ya fito yana tambayar ko da sauran aiki. Shekara goma sha tara yana zaune da matarsa, ba a taɓa jin kansu ba. Da ya haura arba'in da biyar sai ƙarfinsa na ɗa namiji ya fara ja da baya, yau da dama-dama, gobe babu, har abin ya kwanta gaba ɗaya. Bai gaya wa kowa ba. Ka san halinmu maza, gara a ce rumbun mutum ya ƙone da a ce ya kasa. Ranar kasuwa sai ya raɓa wajen mai tallar magani da lasifika kamar mai wucewa, ya sayo haɗin zuma da dabino da garin saiwoyi, ya ɓoye kwalbar cikin buhun kayan aikinsa, safe da yamma yana lasa. Ƙishirwa ta dame shi, ya ce rana ce. Fitsari ya yawaita, ya ce ruwan da yake sha ne. Don kada matar ta gane, ya kwashe shimfiɗarsa ya koma zaure, wai ɗaki zafi. Baiwar Allah ta yi kitso, ta yi lalle, ta gyara miya, amma ko kallo ba ta ishe shi ba. Sai ta yanke a ranta cewa ya gaji da ita ne. Wata bakwai tana haƙuri. Rannan da hantsi ya dawo ɗaukar igiya, ya tarar ta ɗaure kayanta, ta ce ya sauwaƙe mata tun ana ganin mutuncin juna.

Nan ya zauna kan turmi, kansa a ƙasa, ya faɗi abin da ya daɗe yana ci masa rai, ya ɗauko kwalbar ya ajiye a gabanta. Ta dubi zumar, ta dube shi, ta ce, "Haba malam, ai da ka faɗa! Ni da nake wanke makewayi, tun bara nake ganin kiyashi na taruwa inda ka yi fitsari. Haka ciwon Babana ya fara. Fuska ka hana ni, shi ya sa na yi shiru." Washegari ta raka shi asibiti. Aka huda ɗan yatsansa aka auna jini, sai ga ciwon sukari har ya yi nisa. Likita ya ce sukari in ya yi yawa yakan ɓata jijiyoyi a hankali, jini ya kasa isa inda ake bukatarsa, kuma sau da yawa wannan raunin ne ke fara bayyana kafin ido ko ƙoda su taɓu. Zumar da yake lasa kuwa, itace yake ƙara wa wuta. Aka ɗora shi kan magani, matar ta sauya abin da take ɗorawa a tukunya. Bai koma ɗan ashirin ba, kada in yi maka ƙarya, amma lafiya ta samu daidai gwargwado, aure ya zauna. Har gobe in ya tuna hantsin nan sai idonsa ya kawo ruwa, ya gode wa Allah da Ya buɗe masa baki, ya sa wa matar albarka, don ya san da kunya ta ƙara riƙe shi na ɗan lokaci kaɗan, da ya rasa ta, wataƙila ya rasa ganinsa a kai. Gaskiyar Hausawa ce da suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.