Mitar da Aka Juya

Tsohon direba ne ya riga kowa ganewa. Yana taka birkin motar da ɗansa ya sayo, ya ji robar ta cinye har ƙarfe.

"Wannan ta girme ka, yaro. An juya mata mita da kwamfuta."

"Haba Baba, dubi lambar mitar! Ko ɗumi ba ta yi ba."

Aka yi wa tsohon dariya, iyali suka cika mota. Shi ma ya shiga saboda jikokinsa.

A gangare birki ya ƙi. Shi kaɗai aka zaro da rai.

Har yau yana bugun ƙirji a tasha: "Ni na faɗa! Mai musu ya zo gidana, ga takalma nan a bakin ƙofa, ya nemo mini masu su."