Saniyar Hansai

Alhaji Halliru ya sha faɗa, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba, cewa ranar da shanunsa suka sauka kogin Wudil shan ruwa, masu kwalekwale hutu suke yi sai ruwa ya dawo. Garken na gado ne, in ji shi. Mahaifiyarsa, Hajiya Babba, ita ta bar masa, kuma a Makka ta cika, can aka binne ta.

Shekarar rabon Udoji ce, lokacin da ƙarya ma in ta shiga Fijo sai a tashi a ba ta kujera. An gina sabon otal a Kano, Turawan kamfanoni sun cika shi, suna neman nama da cuku. Kwangilar kawo su Halliru yake so. Sai dai Malam Wali, jami'in da zai sa hannu, mutum ne mai taurin kai. Ya ce sai ya ga gidajen da shanun suke da idonsa.

Suka fita a motar Halliru da direbansa, suka fara da Kausani. Halliru ya miƙa hannu daga gabas zuwa yamma ya ce duk nasa ne. Maigidan da suka sauka wurinsa, da sabuwar rediyo rataye a kafaɗa, ya ce haka ne. A Indabo ma haka ne, in ji wani mai sabon keke da ko ledar sirdi bai cire ba. Malam Wali ya ɗanɗana cukunsu ya yamutsa fuska. Ya ce shi dai ya ji labarin wata tsohuwa a Utai, Hansai, wadda ta koyi yin cuku wurin matan Buzaye da fari ya koro, nata yake son ci.

Halliru ya ce hanyar ba ta da kyau. Ya ce rana ta yi. Da ya ga ba mafita, ya ce ai ita ma baranyar gidansu ce, a je.

Da suka isa, karen gidan ya yi kan Malam Wali da direba, amma ya zo ya kwanta a ƙafar Halliru. Ƙofar zauren gajera ce. Halliru ya sunkuya ba tare da ya duba ba, Malam Wali kuwa ƙofar ta tuɓe masa hula.

Tsohuwar na tsakar gida tana shanya cuku a kan asabari, fala-fala kamar takarda. Ta gaida Malam Wali har da tambayar iyali da gajiyar hanya. Ta gaida direba, ta kawo masa ruwa. Halliru kuwa ko inda yake ba ta kalla ba. Malam Wali ya ce a ransa, lallai mutumin nan ana tsoronsa.

Cukun ya yi daɗin da bai taɓa ji ba. Amma da ya leƙa bayan gida, saniya ɗaya ya gani, fara, da ɗan maraƙinta. Ya tambaya ina garken.

Halliru ya yi dariya. Ya ce garke ya tafi kudu cin rani, wannan ragowa ce da ba a ƙirgawa. Da ya ga Malam Wali bai yi dariyar ba, sai ya ƙwala wa Ƙasimu kira, wani tsohon mahauci da ke yanyana kilishi a gindin dalbejiya, ya ce a kayar da ita yanzu, baƙo ya ci balangu.

Malam Wali ya ce ai da alama ita ake tatsa, a bari.

"Saniya ɗaya ce za ta dame ni?" in ji Halliru. "Ƙasimu, ba ka ji ba ne?"

Ƙasimu bai motsa ba. Tsohuwar yake kallo. Ita kuwa ta juya fuska ga bango, ta ce da bangon, "A yi abin da mai mota ya ce."

Aka yi. Maraƙin ya yi ta zagaya turken yana kuka har muryarsa ta dushe. Hansai ta naɗe asabarinta ɗaya bayan ɗaya ta jingine, irin naɗin da ba a sa ran warwarewa. Sannan ta hura wuta, ita da kanta ta gasa hanta ta kawo.

Naman ya yi taushi, gaskiya. Malam Wali ya ci ya gamsu. Ya yanke a ransa cewa mai iya zubar da saniyar tatsa don abincin rana, lallai yana da dubu a wani wuri. Ya goge hannayensa ya ɗaga su sama, ya ce Allah ya jiƙan Hajiya Babba da ta bar wannan arziki, ya kai haske kabarinta a Makka. Halliru ya shafa da ƙarfi. Tsohuwar ma ta ce amin, can ƙasa-ƙasa.

Da za su tafi, Malam Wali ya zaro alƙalami ya ɗora takardar a kan motar. Sai tausayin tsohuwar ya kama shi, ya so ya raba ta da tsoro. Ya ce, "Iya, kafin in sa hannu, sa wa ubangidanki albarka mana. Kira sunansa, ki ce Allah ya yi wa Halliru albarka."

Ta ja mayafi ta rufe baki. Ya sake cewa. Ta ƙara sunkuyar da kai. Halliru ya ce a ƙyale ta, ƙauyanci ne, a sa hannu kawai.

Ƙasimu ya goge wuƙarsa a jikin fatar saniyar, a hankali, gaba da baya.

"Ranka ya daɗe, kada ka matsa mata," ya ce. "A nan garin uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari."