Koren Keken Mai Kifi

Akwai wani mai walda da ya yi shekara tara a kudu yana koyon haɗa keke da hannu, tun daga yankan bututun ƙarfe har zuwa fenti. Maigidan da ya koya masa yana da doka guda. In an gama haɗa gangar jikin keke, an goge gaɓoɓinta da magagari, ba a shafa fenti sai an rataye ta da igiya an ƙwanƙwasa da sifana. Lafiyayyen ƙarfe kuka yake kamar ƙararrawa, ya daɗe yana amo. Mai tsaga a ciki kuwa "kwaf" zai ce, ya yi shiru. Da mutumin ya dawo garinsu ya kafa rumfa, sai zama ya gagare shi: jikinsa na bakin aiki, hankalinsa na tasha. Ana haka wani dattijo mai kifi ya ba shi aikin keke. Kullum da safe dattijon nan yakan ɗauro kwando daga madatsar ruwa, ya biyo wani gangare mai duwatsu zuwa kasuwa. Mai walda ya haɗa, ya goge, ya rataye, ya buga. Kwaf. Ya sake bugawa kusa da wuya, inda ƙafar gaba take kamawa. Kwaf. Gyaran kuwa sai an yanke gaɓar an sake ta daga farko, aikin kwana uku, shi kuma ya gaji da ganin keken. Sai ya kwaɓa ƙullin nan da masu gyaran mota ke cike lotsawa da shi, ya shafe wurin, ya bi da samfefa har ya yi sumul kamar ƙwai, ya fesa kore, ya ja siririn layi ruwan zinare. Dattijo ya zo ya shafa wuyan keken da tafin hannu ya ce, "Kai, ɗan nan, ai sai in ji kunyar ɗora masa kifi. Allah ya yi wa hannun nan albarka." Ya ce, "Amin, Baba," idonsa na ƙasa. Ranar kwana goma sha ɗaya wuyan ya ɓalle a tsakiyar gangare. Aka tarar da tarwaɗa warwatse a kan duwatsu, wasu na motsi, dattijo kuma ya cika, kan keken na damƙe a hannunsa. Mutane suka ce ajali. Babu wanda ya iya karanta karayar ƙarfe a garin sai mai walda, shi kuwa har da shi aka ɗauki makara.

Keken da ya haɗa bayan wannan, ya rataye ya buga, ya ji kwaf. Ya yanke shi gaɓa-gaɓa, babu tsaga ko ta gashi. Na biye ma haka. Mai shayin da ke maƙwabtaka da shi ya ce, "Malam, lafiyarka kuwa? Ƙarfen da ke kuka har cikin haƙorina kake yankawa?" Daga nan cokali a jikin kofi kwaf, ƙararrawar makaranta kwaf, duk ƙarfen duniya ya daina yi masa magana sai da wannan murya. Ya tattara kayansa ya bar gari, ya bar na gaba, ya kafa rumfa a na uku, inda ba wanda ya san sunan ubansa. Wata rana da azahar, rana tsaka, wani baƙo ya turo baƙin keke mai tabon walda a wuya. Ya ce, "Maigida, duba mini wannan. A hannu na saye shi. Duk inda na nufa sai kansa ya karkato layin nan, yau dai na ce bari in bi shi in gani." Ya jingine shi a turken rumfa. Mai walda ya sa farce ya kankare baƙin fentin kaɗan, sai ga kore, ga siririn layi ruwan zinare, ga ƙarnin kifi ya cika rumfar. Sifana na can kan benci, babu wanda ya taɓa ta. Daga wuyan keken, a hankali, ya ji kwaf.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.