Jiminar da Ta Toshe Ƙofa

An baza a unguwa wai Uwar Gwangwani ta ɗana tarko ta kama miji da ransa. Sharri ne, jama'a. Jimina ce ta kama shi.

Wata bakwai yarinyar nan ta yi tana ƙera jiminar da marafan kwalba, wayar keke da gwangwanayen da ta tsinto a juji, ba ta taɓa auna ƙofar ɗakinta ba. Ranar kai ta wurin baje koli, ta kira saurayinta mai walda ya taya ta. Suka tura, tsuntsuwa ta cije a ƙofa, su biyu a ciki.

Ya share zufa, idonsa a ƙasa. "Umma ta amince da aurenmu," ya ce. "Amma wai sai kin daina tsince-tsince."

Ta dubi yatsunta da waya ta yayyanka, ta dubi ƙarafunan taga. Tana son shi, abin haushin ke nan.

"Kai me ka ce mata?"

Ya juya zarton da ya zo da shi a hannu. "Bari dai in rage fiffike ɗaya, mu fita."

"Ba a rage ta. In za ka yanka, ga ƙofa nan."

Ya dubi ƙofar. Sai ya ɗora zarton a kan katakon ƙofa. "Umma kuma, ni zan ji da ita."

Taubashinta ya leƙo ta taga. "Amarya, a juji za a yi bikin?"

"Ko a juji zaɓe nake yi," ta ce. "Kai sau nawa na tsallake ka?"