Mai Hoton Japan a Gidan Sada

Tun da hantsi Rahmatu take sharar tsakar gidan nan kamar wadda aka ce mata an binne zinari a ciki. Ta wanke randa, ta ɗaure akuya a bayan rumbu, ta shafe yara da mai har suna ƙyalli. Uwar mijinta, Hajiya Kande, ta ce, "Ke dai bar mana sauran ƙasar, a kanta muke zama."

Wani tsoho ne mai ɗaukar hoto zai zo daga Japan. A ƙasarsu an san shi da hoton iyali, an kuma san shi da wani hali mai ban haushi. Kwalliya ba ta dame shi ba. Zai shiga gida ya zauna ya yi ta kallo. In ransa ya ba shi cewa duk wanda ke wurin a gidansa yake, sai ya cire murfin kyamara. In bai ba shi ba, ya rusuna, ya yi godiya, ya tafi, kuma ba ya dawowa har abada. Tafiyar nan ita Rahmatu take tsoro, har ta kasa karyawa.

Mijinta Sada ne ya ɗauko shi daga Katsina, ya zarce da shi cikin gida kai tsaye. Murja maƙwabciya ta dafe ƙirji. "Namiji baƙo har tsakar gida, a zamanin Shari'ar nan? To, ku jira 'yan Hisba!"

Hajiya ta ce, "In sun zo, su za su shimfiɗa masa tabarma."

Sai dai abin bai fara da kyau ba. Sada ya cire takalmi, ya tsuguna, ya gaishe shi ido a ƙasa, ya sulale zaure. Hajiya ma ta ja mayafi ta koma can gindin bango. Tsoho ya bi su da kallo, fuskarsa ta rufe. Rahmatu ta lura da shi. Ina zai san kunya ce? Gani yake gudunsa ake yi.

Ta durƙusa ta ajiye masa shinkafa, irin tata mai danƙo, ba gishiri ba mai, wadda Hajiya ta gaji da yi wa tsiya. Ya ɗan taɓa, ya ajiye. Ya dubi yaran da aka jera kamar 'yan fareti, ya dubi ɗakuna, ya dubi Rahmatu. Murfi yana nan daram.

Can ya jawo jakarsa. Rahmatu ta ce a ranta, shi ke nan, tafiya zai yi.

Nan ne Kulu, autarta, wadda ko makaranta ba ta shiga ba, ta fice daga layi, ta fizge masa hula, ta ƙare wa sanƙonsa kallo.

"Wai wannan ne mijin nawa? Kai, ya tsufa! Kai kamar bayan ƙwarya. Na fasa auren!"

Mata suka kwashe da shewa. Kulu ta ɗora hular ta zura da gudu. Rahmatu ta manta da baƙo, ta manta da kyamara, ta ci ɗamara, ta suri muciya.

"Ke Kulu! Yau sai na ga mai ƙwatarki a gidan nan!"

Garin tsere suka tsinke igiyar akuya, akuya kuwa ta nufi shinkafar baƙo ba sallama. Hajiya ta watsar da kunya, ta tare Kulu a bayanta, ta shiga zabga wa Rahmatu mafici. "Taɓa min ƙawa ki gani!" Sada ya faɗo daga zaure ƙafa ba takalmi, yana kokawa da akuya. Rahmatu ta zube a jikin Hajiya tana dariya, baki buɗe, har da hawaye.

Ƙyas!

Duk aka waiwayo. Murfi yana ƙasa, tsoho ya ɗauki hoto. Ya sauke kyamara ya yi magana a hankali cikin yarensu. Ba wanda ya gane, sai Rahmatu, wadda ta saki muciya.

Murja ta zungure ta. "Me ya ce? Ko haushi ya ji?"

Rahmatu ta share ido da bakin zane.

"Ya ce in yafe masa shekarun da ya yi yana fushi da aurena. Wai tun ina jaririya a Japan yake ɗaukata hoto, bai taɓa samun wannan dariyar ba. Baba ya ce na sami gida."