Kazar Bayan Rumbu

Hadijatu ta sakaya ƙofar gida tun kafin la'asar, ta ja murhu zuwa bayan rumbu inda hayaƙi ba zai tona ta ba. Kazar na cikin kwano, an fige an wanke. Da ta kai wa Malam Kalilu ya yanka mata, cewa ta yi baƙi za ta yi. Shi ma bai yarda ba, don duk garin Dutsi an san Hadijatu ba ta taɓa kaza mai ƙwai ko da Sallah.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da gidan ƙanwarta Siddiƙa, inda aka kwantar da Raihana. Maƙoƙo ne ya fito wa Raihana tun shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, yana ta girma a wuyanta, har ya kai in ta ja numfashi sai ka ce sarewa ake busawa. Likita a Daura ya ce sai an yi aiki, amma ba zai sa mata wuƙa ba sai ta yi ƙarfi. Ita kuwa ta daina cin komai. Mijinta ya gaji da lallashi, ya mayar da ita hannun Siddiƙa, wadda ta raine ta.

Matan unguwa kaf sun shiga dubiya, ban da Hadijatu, kuma babu wanda ya yi mamaki. Ba a taɓa jin sunan Raihana a bakinta ba, in ta kama dole sai ta ce "yarinyar can". In sun haɗu a rijiya sai ta ɗauke kai. Ranar bikin Raihana ma ɗaki ta shige, wai kanta ke ciwo.

Ta shafe kazar da man gyaɗa da tafarnuwa da citta. Ta yanka albasa da karas da dankalin Hausa, ta shimfiɗa a gindin tukunya. Ta ɗauki attarugu, ta jujjuya, ta mayar. Yarinyar can ba ta son yaji. Sannan ta waiga hagu da dama, ta kwance haɓar zaninta, ta fito da wani farin gari da ta je har Daura ta sayo ba da sanin kowa ba. Ta barbaɗa, ta tsaya, ta ƙara kaɗan. Ta rufe tukunyar, ta zuba garwashi a kan murfin.

Tana cikin fifita wuta sai numfashin nan na bayan katanga ya ɗauke. Ta miƙe zumbur da mafici a hannu. Kada dai ajali ya riga ta. Can sai tari ya ɓarke, numfashin ya dawo. Ta zauna daɓas a ƙasa, gumi ya jiƙa mata riga.

Dab da magariba kazar ta yi jawur, ƙamshi ya ƙi ɓoyuwa. Hadijatu ta hau turmi, ta kira Siddiƙa ƙasa-ƙasa, ta miƙa mata kwanon ta kan katanga.

"Ki ce ke kika gasa."

Siddiƙa ta ɗaga murfi ta ɗanɗana romon. "Gishirin nan ne da likita ya ce, mai maganin maƙoƙo?"

"Shi ne, ba na buhu ba. Ki yayyaga mata ƙanana kada ta shaƙe."

"Haba Yaya, ki shigo da ƙafarki mana. Yau ma?"

Hadijatu ta sauka daga turmin. Ta jingina kunnenta da katanga. Ga muryoyin 'yan dubiya, amma babu motsin kwano. In yarinyar ta ƙi ci, babu aiki. In ta ci ya tsaya mata a wuya, to da hannun wa? Hawaye ya fara zubo mata, tana shessheƙa, tana ta Hasbunallahu a zuci.

Sai ga wata dasasshiyar murya daga ɗakin, tana fita da ƙyar.

"Na ci cinya guda. A gaya wa mai girkin ta bar kuka, ina jin ta."

Hadijatu ta toshe bakinta da mayafi, domin ko mutuwa ce tsaye a bakin ƙofa, mace mai kunya ba ta amsa wa 'yarta ta fari a gaban mutane.