Kujerar Makkan Inna Kande

Badaru ya sake latsa wayar, ko Allah zai sa manhajar ce ta yi kuskure. Babu kuskure. Inda kuɗin shanu uku suke zaune da safe, yanzu sifili ne.

Kuma ba kuɗinsa ba ne. Yayansa Sada ne ya sayar da shanun da ya turke a Sandamu, don a cika wa mahaifiyarsu, Inna Kande, kuɗin kujerar Makka. Ya kawo kuɗin har shagon POS ɗin Badaru da ke bakin tashar Daura, ya ce, "Ajiye a wurinka. Ni hannuna rariya ne. Ko na roƙe ka, kada ka ba ni."

Badaru ya riƙe amana har ranar da wani abokinsa ya saka shi a zauren WhatsApp na Kyaftin. Ba wanda ya taɓa ganin fuskar Kyaftin. An dai ce a Dubai yake, ga shi da riƙon addini, don da an kira salla a Daura saƙonninsa suke tsayawa. Kowane mako ka biya kuɗin shiga, shi kuma ya faɗa maka abin da zai tashi da abin da zai faɗi.

Harkar da daɗin ji. Ba zinariya kake saya ba, hasashen farashinta kake saye. Ka zuba kaɗan, manhaja ta ninka maka shi sau ɗari. In farashi ya bi ka, ka kwashi riba. In ya juya ko da taku ɗaya ne, a share komai. Wannan ɓangaren na ƙarshe, kamar kowane sabon shiga, Badaru da kunne ɗaya ya ji shi.

Ya gwada da nasa, ya ci. Ya ƙara, ya ci. Sai Shaiɗan ya raɗa masa cewa Inna ta cancanci guzuri mai kauri. Ranar Talata Kyaftin ya rubuta cewa zinariya za ta tashi, tabbas. Badaru ya zuba kuɗin kujerar gaba ɗaya, kafin azahar kuwa an share shi tas.

Tsoro ya kama shi. Inna ta riga ta gama bin dangi tana neman gafara, har awon kayan tafiya ta ba tela. Sada kuwa ba ya raina abin faɗa, kuma ba abin da ya tsana kamar wannan harka. Cacar waya yake kiranta, tun shekarar da ta cinye masa jarin hatsi. Har yau ba wanda ya san yadda ya farfaɗo ya sayi shanu.

Bayan kwana biyu, da la'asar, Badaru ya hau babur zuwa Sandamu. Ya sami Sada a zaure, wayoyinsa biyu a kan tabarma. Ya durƙusa.

"Yaya, na ci amana. Kuɗin Inna sun tafi."

"Ɓarayi?"

"A'a. Waya."

Ya sunkuyar da kai yana jiran mari. Mari bai zo ba.

"Ranar Talata?" in ji Sada a hankali. "Zinariya?"

Badaru ya ɗago. Shi dai bai ambaci rana ba, bai ambaci zinariya ba. Ya ga gumi yana tsattsafo wa yayansa.

"Duka ka zuba?"

"Duka, Yaya."

Sada ya dafe kai da hannu biyu.

"Innalillahi. Badaru, wallahi canka kawai na yi na tura musu. Ni ne Kyaftin."